Yadda Ake Jera Magana a Gaban Iyayen Yara



An umarce mu da mu yi bayani a kan tsarin jawabi, wato yadda mai magana zai jera abin da ke bakinsa har masu sauraro su zauna da shi zuwa ƙarshe. Mun ga ya fi dacewa mu taƙaita ga jawabi guda, wanda babu malamin firamare a wannan yanki da zai tsere masa: jawabin taron iyayen yara, wanda ake kira idan rajistar aji ta fara nuna giɓi. Daga Funtuwa zuwa Bakori har Malumfashi lokutan sanannu ne. Zango na uku yana cin karo da shuka da noman firi, zango na farko kuma da karyar masara, yankan dawa da tsinkar auduga. Uban da ya amsa kiranmu a irin wannan lokaci ya baro aiki ne a gona. Idan muka ɓata masa yammaci guda, ba zai sake zuwa ba, ɗansa ma haka.

Abin da ya fi kashe irin wannan taro shi ne mafarinsa. Hakimi, dagaci, mai unguwa da liman suna da haƙƙin gaisuwa, babu mai musun wannan. Amma idan shugaban taro ya riga ya jero su, ba lalle ne kowane mai magana ya sake jero su ba, sannan ya bi da tarihin makaranta tun daga shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976. Hankalin mai sauraro ya fi kaifi a mintunan farko, mu kuwa a nan muke zuba abin da kowa ya sani. Kafin a kai ga batun da ya tara mu, an kira sallar magariba.

A nan muna da malami a gida. Marigayi Abubakar Imam ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya kuma koyar a Midil ta Katsina kafin ya rubuta Magana Jari Ce, wanda littafinsa na farko ya fito a 1937. Duk wanda ya karanta shi zai tuna da aikin da aka ɗora wa aku: ya tsare Musa ɗan Sarki a gida, kada ya fita ya bi sawun mayaƙa. Mu lura da dabarar. Aku ba ya fara labari haka kawai. Sai Musa ya zo da buƙatarsa, aku ya kama wani abu daga cikin maganarsa, ya ambaci wani wanda irin haka ta taɓa samu, sannan ya ja baki. Musa da kansa ne yake neman a faɗa masa abin da ya faru. Wanda ya yi tambaya kuwa ba ya tashi sai ya ji amsa. Mun daɗe muna koyar da wannan littafi a matsayin hira, alhali darasin koyarwa ne daga malamin makaranta.

To, wace tambaya ce ke zuciyar manomin da ke zaune a gabanmu? Ita ce: wa zai taya ni aiki idan yaro ya tafi makaranta, kuma me zan samu? Daga nan ya kamata a fara. Malami ya shigo da buhun taki wanda babu kome a ciki da kwalbar maganin feshi, ya kira ɗalibar aji biyar ta karanta abin da ke jikinsu a gaban jama'a: cewa 15-15-15 na nufin sinadarai uku daidai wa daida, cewa yuriya mai lamba 46 abu ɗaya take ɗauke da shi, cewa ga ranar da wa'adin maganin zai ƙare. Mutanen da suka sha sayen gurɓataccen magani a kasuwa ba sa buƙatar a yi musu sharhi. Za su gyara zama da kansu.

Sai a kawo lissafi, guda ɗaya tak. Yaron da ke fashin kwana biyu a mako, a zangon mako 12 ya rasa kwana 24, kusan mako biyar na karatu ke nan. Manomi ya san abin da ke faruwa ga masarar da aka makara da yi mata noma mako biyar. Kada a ƙara masa alƙaluman jiha ko na ƙasa a kai. Lamba ta biyu takan goge ta farko.

Tsakiyar jawabi ita ce wurin gyangyaɗi, maganinsa kuwa sauya murya. Mu dubi zaman tafsiri na watan azumi, wanda yakan kai sa'a guda ko biyu jama'a ba su watse ba. Mai jan baki ya karanta, malam ya fassara, ya yi bayani, sannan a koma ga mai jan baki. Kunne yana hutawa daga murya ɗaya zuwa wata. Mu ma muna iya yin haka. Bayan 'yan mintuna malami ya tsaya, ya tambayi wani dattijo yadda yake raba aikin gona tsakanin 'ya'yansa, ko ya ba wani daga cikin kwamitin kula da makaranta dama ya ce wani abu. Sannan a juya wajen mata, waɗanda galibi suke zaune can gefe kamar baƙi. Zancen tallar 'yan mata a hannunsu yake, amma sai a gama taro ba a fuskance su ko sau ɗaya ba. Idan akwai malama a makarantar, ita ta fi cancanta ta ɗauki wannan sashe.

Akwai abin da ba ya jiran tsakiya. A ƙauyukan Faskari, Sabuwa da Ɗandume, da duk inda aka ji raɗaɗin sace ɗaliban sakandaren Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, tsoro ne ke hana wasu iyaye sakin 'ya'yansu, ba aikin gona ba. A irin wannan wuri, duk wanda ya fara da buhun taki ya yi kuskuren karanta fuskokin jama'a. A fara da batun tsaro, a faɗi abin da makaranta ta tanada game da lokacin tashi da rakiyar yara, a kuma guji alƙawarin da ya fi ƙarfin malami. Tsari ɗaya ba ya yi wa kowane gari.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta, ta kuma tanadi hukunci ga iyayen da suka ƙi. Gaskiya ce, ya kamata a sani. Amma a ra'ayinmu wurinta can kusa da ƙarshe ne, cikin jimla ɗaya ko biyu, kuma ya fi kyau ta fito daga bakin dagaci. Malamin da ya buɗe taro da barazana ya mai da kansa ɗan sanda, mutanenmu kuwa sun iya yi wa hukuma shiru.

Daga ƙarshe sai roƙo, shi ma guda ɗaya, wanda mutum zai iya aikatawa gobe da safe. Kira ga iyaye su ba ilimi muhimmanci ba roƙo ba ne, domin babu wanda zai san ko ya cika shi. A ce musu: daga Litinin zuwa Juma'a a bar mana yara har a tashi, yammaci da ranakun Asabar da Lahadi na gona ne. A nemi waɗanda suka amince su ɗaga hannu a gaban mai unguwa, a rubuta sunayensu, a sa ranar da za a dawo da rajista a karanta wa kowa abin da ta nuna. Ranar kada ta faɗa a kan ranar kasuwar garin, kuma a fara da zarar an idar da la'asar.