A Ba Mu Takarda, Mu Haɗu Gaban Alƙali

Jawabin da Magatakardan reshe ya yi wa 'yan jam'iyya da 'yan kasuwa a Furfuri.

Iyayena, da ku 'yan'uwana talakawa, direbobi da masu kai kaya kasuwa, na gode da kuka taru. Maganata yau a kan abin da ke samunmu a hanya ce, tsakanin Gusau da Bungudu, da tsakanin Gusau da Tsafe.

Kwanan baya na shiga wata mota za mu Gusau, an ɗora kwandunan tumatur. Sai wasu masu kayan sarki suka tsai da mu, suka ce direba ya yi gudu. Ya ce da me aka auna? Babu amsa. Ya ce to a rubuta masa takarda. Aka ce ya dai kawo na goro. Awa biyu muna rana, tumatur yana zubar da ruwa, har mai kayan ta kwance bakin zanenta ta biya. To, jama'a, wannan kuɗi ba ya tsayawa a kan direba. Gobe zai hau kuɗin mota, jibi ya hau kuɗin kwando, mai cefane ya biya.

Saboda haka ku ji abin da doka ta ce. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya a 1988, aka sabunta dokarta a 2007. Ƙa'idar gudu a cikin gari kilomita 50 ce a awa. A babbar hanya irin tamu kuwa, ƙaramar mota da motar haya kilomita 80, tirela da tanka 50. Tarar da dokar 2007 ta yanka wa mai wuce ƙa'idar gudu Naira 3,000 ce, kuma a banki ake biya, a karɓi rasit. Ba a yarda ma'aikaci ya karɓi kuɗin tara a hannunsa ba. Duk wanda ya miƙo maka hannu a bakin hanya, lalle aljihunsa yake yi wa aiki.

In an rubuta maka takarda kuma ba ka yarda ka yi laifin ba, kana da ikon ƙin biya ka ce a kai ka gaban majistare. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce ba a ɗaukar mutum mai laifi sai an tabbatar, kuma sai an ji ta bakinsa. Watau mai ƙara shi zai kawo shaida: ina na'urar auna gudu, nawa ta nuna, a ina, ƙarfe nawa?

Kada ku ce talaka ba ya cin nasara a kan hukuma. A 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Asaba ta yanke cewa ikon Hukumar Kiyaye Haɗurra a hanyoyin tarayya yake. A 2024 Babbar Kotun Tarayya ta Abuja ta ce ma'aikatan duba motoci na birnin, watau VIO, ba su da ikon tsare mota, ko ƙwace ta, ko yanka tara. Mutane ne kamarmu suka kai ƙara. Ku tuna kuma, a 2012 Sufeto Janar na 'yan sanda, M. D. Abubakar, ɗan Gusau, ya ba da umarni a rushe shingayen da ke kan hanyoyi saboda karɓar kuɗi da ake yi a wurin.

Amma fa gaskiya ɗaya ce. Na san abin da ke sa direba taka mota a hanyar Tsafe: tsoron kada duhu ya same shi, 'yan bindiga su tare. Wannan tsoro gaskiya ne, kuma shingen da ke tsaron rayukanmu muna so. Duk da haka, direba, gudu ma yana kisa, kuma ranka da na fasinja amana ne a hannunka. Ka fita da wuri, kada ka laƙa wa mota kayan da ya fi ƙarfinta.

Ga abin da nake roƙonku. In an tsai da kai, ka tsaya, ka yi sallama, ka nuna lasin da takardun mota. Kada ka zagi kowa, kada ka yi kokawa. Ka riƙe sunan ma'aikaci da ke ƙirjinsa, da wurin, da lokacin. Ka nemi takarda. Ku kuma fasinjoji, ku daina cewa "direba, sallame su mu wuce". Ku zama shaidunsa. Sa'an nan a kawo mini takardar ofis, in rubuta ƙara kyauta, mu tafi kotu tare. Tsintsiya ɗaure take shara.

Allah Ya kai mu gidajenmu lafiya. Wassalam.