Bahaushe a Fim Ɗin Kudu: Mai Gadi Ne Kawai?

Jawabin sakataren ƙungiya a taron wata-wata, Sabo, Ibadan



Maganarmu ta yau a kan fim ce. Wani zai ce me ya haɗa ƙungiya da wasan kwaikwayo? To, ku saurara.

Tun da harkar bidiyo ta bunƙasa a Kudu bayan 1992, in aka sako Bahaushe a fim, yawanci a bakin ƙofa ake ajiye shi: rediyo a kunne, goro a baki, Turanci a karye, maigida na daka masa tsawa, 'yan kallo na dariya. Sau da yawa ko suna ba shi da shi, sai "Aboki". Kalmar da muke kiran amini da ita, an mai da ta ta raini.

Gadi sana'a ce ta halal, ba ma jin kunyarta. Amma ina dillalin shanu, ina mai canji, ina malamar asibiti? An kafa Sabon nan tun 1916, kakanninmu suka riƙe cinikin goro da shanu. Duk da haka, yaron da aka haifi kakansa a nan, a makaranta ana kwaikwayon muryar mai gadin fim ana tsokanarsa. Ba mu ce fim ne ya ƙone kasuwar Shasha a 2021 ba. Amma wanda aka saba yi wa dariya, ba a saurin jin kukansa.

Ba dukansu ne haka ba. Cyprian Ekwensi, ɗan ƙabilar Ibo da aka haifa a Minna a 1921, ya wallafa Burning Grass a 1962, ya nuna Fulani makiyaya da mutuncinsu, domin ya zauna a Arewa ya san mutanenta.

Sannan laifi tudu ne. A finafinanmu na Hausa, yaya muke nuna Bagwari da Bayerabe? Yaya muke nuna makaho da gurgu? Abin da ba ma so a yi mana, kada mu yi wa wani.

Kundin tsarin mulki na 1999 yana tare da mu. Sashe na 41 ya ba mu 'yancin zama ko'ina a Nijeriya, na 42 ya hana nuna bambancin ƙabila, na 43 ya ba mu damar mallakar fili da gida. Akwai kuma Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa tun 1993. Fim ɗin da ya ci zarafinmu, a kawo sunansa ofis, mu rubuta mata koke cikin ladabi.

A ajinmu na yaƙi da jahilci kuma, za mu fara rubuta tarihin dattawan unguwa daga bakinsu. In ba mu ba da labarinmu ba, wani zai bayar yadda ya ga dama.

Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu. Wassalamu alaikum.