YADDA AKE ZARE SINADARIN GIRMA DAGA KUBENSA A WAJEN ƘWAYOYIN JIKI



Jikin ɗan Adam gari ne mai yawan jama'a, jama'ar kuwa su ne ƙwayoyin jiki. Ƙwayoyin nan suna aika wa juna saƙo ta hanyar waɗansu furotin da ake kira sinadaran girma, masu umurtar ƙwaya ta rabu biyu, ko ta dakata, ko ta ɗinke rauni. Abin mamaki shi ne, waɗansu daga cikinsu ba a sakinsu a shirye da aiki, sai a ɗaure. Wannan lacca za ta dubi ɗaya daga cikinsu, watau TGF-beta, wanda Anita Roberts da Michael Sporn suka bayyana a Cibiyar Binciken Ciwon Daji ta Amurka a 1981.

Ƙwaya takan ƙera TGF-beta a matsayin doguwar sarƙa guda. Tun kafin ta fitar da shi, wani inzayim mai suna furin yakan yanka sarƙar gida biyu. Guntun yanki shi ne sinadarin kansa. Dogon yankin kuwa, wanda masana ke kira LAP, ba ya rabuwa da shi, sai ya rungume shi kamar yadda kube ke rufe takobi. Sa'an nan wani furotin, LTBP, ya ɗaure kuben a jikin saƙar da ke tsakanin ƙwayoyi, musamman a zaren fibirilin. Ta haka sinadarin yake zaune a ajiye cikin fata da huhu da ƙashi, ba ya iya taɓa ƙwayar da ke maƙwabtaka da shi.

Hikimar wannan tsari a bayyane take. Idan rauni ya auku, ba a jiran a ƙera sabon sinadari, domin akwai shi a wurin. Abin da ya rage shi ne a zare shi, a daidai inda ake bukata, a daidai lokacin da ake bukata.

Hanya ta farko ita ce ta yanka. A 1988 aka nuna cewa filasmin, inzayim mai narkar da gudan jini, yana yanka kuben har sinadarin ya kuɓuta. Hanya ta biyu ita ce ta sauya siffar kuben ba tare da yanka ba, kamar yadda furotin ɗin nan turombosfondin yake yi. Hanya ta uku ita ce ta tsami, domin asid mai ƙarfi yana sassauta riƙon da kuben ya yi wa sinadarin.

Amma hanyar da ta fi muhimmanci ga TGF-beta na ɗaya ita ce ta fizga. A 1999 masana a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko da abokan aikinsu a Jami'ar New York suka gano cewa wani furotin da ke bangon ƙwaya, daga dangin intagirin, yana kama kuben a wani ɗan wuri mai amino asid uku kacal. Intagirin ɗin yana haɗe da zaruruwan cikin ƙwaya masu tsukewa. Idan ƙwayar ta tsuke, sai ta ja kuben. Da kuben ba a ɗaure yake ba, da sai ya biyo ta kawai, kamar akuyar da ba ta da turke. Amma da yake LTBP ya riƙe ɗaya gefen, sai jan ya buɗe shi, sinadarin ya fito. A 2011 Timothy Springer da mutanensa a Harvard suka fito da cikakkiyar siffar kuben, aka ga yadda ya naɗe sinadarin, da inda jan ke warware shi. Ashe ƙarfin ja kaɗai yana iya zama saƙo a cikin jiki.

Wannan magana ba ta ɗakin bincike kaɗai ba ce. Ɓerayen da aka hana wa TGF-beta na ɗaya sukan mutu cikin 'yan makonni bayan haihuwa, saboda garkuwar jikinsu takan auka wa gaɓoɓinsu. Ɓerayen da suke da sinadarin, amma aka lalata wurin da intagirin ke kamawa, su ma irin wannan ciwo suke yi. Watau samun takobi ba ya amfani idan ba a iya zare shi.

Yawan zarewa kuma shi ma masifa ne. A cutar Marfan, wadda aka gano a 1991 cewa aibin fibirilin ne ke haddasa ta, turken ba shi da ƙarfi, kuma bincike a kan ɓeraye a 2003 ya nuna sinadarin yana kuɓucewa fiye da kima. A huhu da hanta, yawan aikinsa yana tara tabo. Tabon yana ƙara wa saƙar tauri, saƙa mai tauri kuwa ta fi riƙe kuben da kyau, saboda haka kowane ja ya fi saurin buɗe shi. Tabo yana haifar da tabo ke nan. Haka nan an sami yawan wannan sinadari a cikin tabo mai tsiro, wanda ya fi yawa a tsakanin baƙar fata.

Don haka ne masu haɗa magunguna suka mai da hankali ga toshe intagirin, maimakon kawar da sinadarin baki ɗaya. Aikin bai zo da sauƙi ba, domin an dakatar da gwajin irin waɗannan magunguna ga masu tabon huhu a 2019 da kuma 2025 saboda illar da aka gani. Sinadarin da ke tara tabo shi ne dai ke kwantar da garkuwar jiki, shi ne kuma ke hana ƙwayoyi yaɗuwa barkatai a farkon ciwon daji.

Tambayar da ke gaban masu bincike ita ce yadda za a riƙe kube a gaɓa ɗaya, a bar shi yana buɗewa a sauran. Ɗaliban likita da na kimiyyar halittu da ke wannan zaure suna da rabo a cikin neman amsarta. Allah Ya ƙara basira, Ya sa ilmin ya amfani jama'a. Wassalam.