Hatsin Zakka da Maganin Ƙwari: Jawabin Sakataren Gidauniya ga Kwamitocin Masallatai



Iyayenmu malamai, shugabannin kwamitocin masallatai, da bayin Allah masu tallafa wa wannan gidauniya, bayan rahoton kuɗi da aka gabatar, muna neman izini mu yi magana a kan buhunan da ke cikin sito.

Kowace kaka masara, dawa da wake suna shigo mana a matsayin zakka, wasu daga gonakin masu bayarwa, wasu an auno su a kasuwar Kawo. Sukan yi watanni a ajiye kafin rabo, wanda ya karɓa kuma ba ya tambayar yadda aka adana su. Mabuƙaci ba ya da zaɓi. Abin da muka miƙa masa shi zai ɗora a tukunya a daren nan. Aya ta 267 a Suratul Baƙara ta hana zaɓar lalatacce domin ciyarwa. A fahimtarmu, waken da aka zuba wa guba ya shiga wannan hani, ko da ƙwayarsa tana sheƙi.

Gubar da muke nufi kowa ya san ta. Sunanta a kimiyyance dikulobos, a kwalba an rubuta DDVP, a kasuwa ana cewa Sniper ko fiya-fiya. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Najeriya saboda ita. Iyakar da suka yarda da ita miligiram 0.01 ce a kowane kilo, amma a wasu kayan sun sami har 4.6, wato ninki 460. A Nuwamban 2018 wani bidiyo ya yaɗu na 'yan kasuwa suna yayyafa Sniper a kan wake, hukumomi suka yi gargaɗi, a 2019 kuma NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalabenta. Turawa sun kare cikinsu da takarda guda. Waken da ba su karɓa ba, mu ne masu cinsa.

To, gargaɗin ya isa ina? An rubuta shi da Turanci, a jaridu da jikin kwalba, da haruffan da sai mai kaifin ido zai karanta. Ɗan dakon da ke zuba maganin, da uwar gidan da ke auna mudu biyu, ba su ne aka yi wa magana ba. Nan aikinku yake, domin babu ofishin da ke tara mutanen Unguwar Dosa, Badarawa ko Hayin Banki sau biyar a yini kamar masallaci.

Sai dai isar da irin wannan saƙo yana da ladabi. Idan liman ya ce kawai wake yana kisa, an tsorata talaka daga abincin da ya fi gina masa jiki, an ɓata wa ɗan kasuwa mai gaskiya suna, bayan mako biyu kuma kowa ya manta. Mai zuba maganin ma, galibi tsoron asara ke tura shi, domin ƙwaro yana iya mayar da buhu gari kafin bazara. Duk wanda za a raba da fiya-fiya sai an nuna masa abin da zai riƙe. Abin kuwa yana nan: buhun PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar tare da abokan aikinsu na Afirka. Leda biyu ce mai kauri a ciki, buhun saƙa a waje. A busar da hatsi sosai, a ɗaure kowane hawa daban, iska ta ƙare wa ƙwaron ya mutu, ba tare da ɗigon magani ba. Jarka ko duro mai rufuwa ruf ma suna yin wannan aiki.

A kuma koya wa jama'a alamomin gubar: dalalar yawu, gumi, amai, zawo, ƙanƙancewar ƙwayar ido da sarƙewar numfashi. Manja da madara ba sa karya ta. A garzaya Babban Asibitin Kawo ko Barau Dikko, a tafi da kwalbar domin likita ya ga sunan maganin. Masu lambu a bakin kogin Kaduna su ma a tuna musu su rufe hanci da hannu lokacin feshi, kada kuma kwalbar da ta ƙare ta zama mazubin ruwa ko mai.

Ga masu ba da gudummawa, muna roƙon a ware wani kaso a bana domin sayen buhunan PICS na sitocin masallatai. Ga kwamitoci kuwa, daga kaka mai zuwa duk buhun da aka kawo a tambayi mai shi abin da aka zuba masa da ranar da aka zuba, a rubuta a littafin karɓa kusa da sunansa. Wanda aka ji warin magani a jikinsa a ware shi, a sanar da ofishin sakatare kafin ranar rabo.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.