Jawabi Game da Duba Lafiyar Bututun da ke Ƙarƙashin Ƙasa

Jama'a, a cikin watan Mayu na shekarar 2018 annobar amai da gudawa ta ɓarke a ƙananan hukumomin Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu, a Jihar Adamawa, har aka yi asarar rayuka. Wannan cuta kuwa ruwa da abinci masu ƙazanta ne ke yaɗa ta. Saboda haka wajibi ne kowa ya san hanyoyin da ƙazanta ke bi ta shiga ruwan sha.

Ɗaya daga cikinsu ita ce fasasshen bututu. Muddin ruwa na gudu da ƙarfi, ta tsagar yake tsiyayewa waje. Amma da zarar an ɗauke ruwa, ƙarfin ya faɗi, sai ruwan kwata da na masai da ke kusa ya sulale ciki. Ran da aka dawo da ruwa, wannan ƙazanta ce za ta fara isa randunan mutane. A gari irin Mubi, wanda kogin Yedzeram ya ratsa, haɗarin ya fi yawa da damina, lokacin da ƙasa ta jiƙe, magudanai suka cika.

A da, sau da yawa ba a gane ɓarna sai an tona titi. Amma tun cikin shekarun 1950 aka fara zura na'urar ɗaukar hoto cikin magudanan ƙarƙashin ƙasa a Jamus. Ana ɗora ta a kan 'yar mota mai fitila, a ɗaura mata waya, tana tafe tana aiko da hotuna, injiniya na kallo daga sama. Sai dai kallon hotunan bututu mai tsawon kilomita da yawa yakan gajiyar da ido, har a tsallake tsaga.

Yanzu an koya wa kwamfuta wannan aiki. Akan nuna mata dubban hotuna da gwanaye suka riga suka tantance, har ta iya bambanta tsaga da saiwar itace, da gocewar mahaɗi, da toshewar yashi. Takan nuna wurin da ɓarnar take da girmanta, watau sai a tona nan kaɗai, a kuma fara da inda ya fi muni. Duk da haka takan yi kuskure in taɓo ya rufe gilashinta, don haka hukuncin ƙarshe na injiniya ne.

Na'ura ba ta ɗauke wa jama'a nasu nauyin ba. Duk wanda ya ga ƙasa tana jiƙe da rani, ko ruwan famfo ya sake launi ko wari, lalle ya sanar da ofishin hukumar ruwa mafi kusa. Kada a haƙa masai kusa da bututu, kada a zuba shara a kwalbati, kada kuma a fasa bututu don jan ruwa ba da izini ba. Ruwan da ake shakka a tafasa shi kafin a sha. Rigakafi ya fi magani.