Ciwon Kafaɗa da Mutuwar Hannu: Tiyata ko Gashin Ƙashi?

 

Yau zan yi magana ne a kan wani ciwo da muke yawan jingina wa sanyi. Tsakanin ƙashin nan da ya gitta daga gindin wuya zuwa kafaɗa da haƙarƙarin farko akwai wata 'yar ƙuntatacciyar hanya. Ta nan ne jijiyoyin ji da motsi da manyan jijiyoyin jini ke bi su sauka hannu. In hanyar ta matse, sai kafaɗa ta ɗauki ciwo, hannu ya mutu, musamman ƙaramin yatsa da na kusa da shi. Abin yana tsananta in an ɗaga hannu sama, kamar wajen shanya ko ɗora kaya a ka. Likitoci a Amurka ne suka ba shi suna a 1956, mu dai mu ce matsewar mashigar ƙirji.

'Yan ga-ruwa masu rataya sanda a kafaɗa, 'yan dako, teloli da ke duƙe kan keke yini guda, da wanda ya taɓa karya wannan ƙashi a haɗarin babur, ku saurara da kyau. Akwai kuma wanda aka haifa da ƙarin haƙarƙari a wuya, hoton ƙashi kan nuna shi.

To, tiyata ko gashi? Cikin masu wannan ciwo 10, wajen 9 jijiyar ji ce ta matse, ba ta jini ba. Su ba a fara musu da wuƙa. Gashin ƙashi ake farawa da shi: motsa jiki na buɗe ƙirji da ƙarfafa naman kafaɗa, gyara zama, rage dako, da maganin ciwo. Aikin watanni ne, ba na mako biyu ba, kuma nan ne mutanenmu ke gajiya su koma wajen wanzami. Ƙaho ba ya faɗaɗa hanyar da ƙashi ya matse, jama'a.

Tiyatar kuwa ba wasa ba ce. Haƙarƙarin farko ake cirewa, sau da yawa ta hammata, ko a yanke naman wuyan da ke matse jijiyar. Wurin yana daf da huhu, iska na iya shiga ƙirji, jijiya na iya rauni, wani ma ciwonsa ya dawo bayan aiki. A ganina, wanda bai ba gashi haƙƙinsa ba, kada ya yi gaggawar kwanciya a gadon fiɗa.

Amma akwai inda jira shi ne haɗari. In hannu ya kumbura farat ɗaya ya yi duhu da nauyi, ƙila jini ne ya daskare a jijiya. In ya yi sanyi ƙalau ya koɗe, jini ne ba ya isa. Waɗannan biyu ranar nan za a tafi Asibitin Tarayya na nan Keffi, kada a kwana, domin maganin tsinka jini, da sau da yawa tiyata, su ne mafita. Haka nan in naman gindin babban yatsa ya fara zaizayewa, likita zai yi maganar tiyata da wuri. In an ce ku wuce babban asibiti a Abuja ko Shika, ku wuce.

Ciwon hannun hagu da ya zo tare da nauyin ƙirji da gumi kuwa, wannan a fara duba zuciya.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Mai tambaya ya ɗaga hannu.