Hoton Jiya a Gilashin Yau



Wataƙila wani ya ce, me ya haɗa malamin Hausa da akwatin talabijin? Abin da ya haɗa su shi ne, kaso mai yawa na adabinmu na baya-bayan nan ba a takarda yake ba, yana cikin kaset ne da faifai, tun daga fim ɗin Turmin Danya wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano cikin 1990. Duk wanda ya sayi ƙatuwar talabijin ta zamani, ya sa ɗaya daga cikin waɗannan tsofaffin finafinai, ya san takaicin da ke biyo baya: fuskoki dishi-dishi, kamar ana hangen su ta cikin hazo. Alhali kuwa mai shago ya yi masa alkawarin cewa akwatin yana gyara tsohon hoto ya koma sabo. Maƙasudin wannan lacca shi ne mu auna wannan alkawari.

Bari mu fara da lissafi. Hoton talabijin tarin ɗigogi ne ƙanana, a jere layi-layi. Faifan VCD irin wanda muka yi amfani da shi yana ɗauke da ɗigo 352 a kwance, 288 a tsaye, watau 101,376. Faifan DVD yana da 720 sau 576, watau 414,720. Gilashin da ake kira 4K kuwa yana da 3,840 sau 2,160, watau ɗigo 8,294,400. Ke nan idan hoton DVD zai cika wannan gilashi, gurbin da za a cike ya ninka abin da faifan ya kawo sau 20 cif. Na VCD, ko da an bar gefe da gefe baƙi, ninkin ya haura sau 60. To, daga ina sauran ɗigogin ke fitowa? Akwatin ne ke ƙaga su. Wannan aiki shi na kira faɗaɗa hoto.

Hanyoyin yin sa uku ne. Ta farko, a maimaita kowane ɗigo sau da yawa. Wannan takan sa gefen abu ya fito hawa-hawa kamar matakala. Ta biyu, a dubi ɗigogin da ke maƙwabtaka, a raba tsakani, a cike gurbin da launi matsakaici. Hoton yakan yi sumul, amma ya dushe. Ta uku ita ce ta ƙirƙirarriyar basira, inda aka horar da na'ura da ɗimbin hotuna, kowanne da mai kyansa da gurɓataccensa, har ta koyi yadda gashi ko saƙar tufa suka saba fitowa. Wannan ta fi sauran ƙayatarwa, amma ita ce ta fi bukatar hattara, domin abin da ta zana ba lalle ne shi ne abin da ke gaban kyamara ran da aka ɗauki hoton ba. Tana iya yi wa hula aikin da maɗinkinta bai yi ba.

Ɗalibaina da suka yi nazarin rubutun ajami sun san wannan matsala. Idan gara ta ci tsakiyar baiti, mai kwafe gwani yana iya cike gurbin da kalmar da ta dace da ma'ana da amsa-amo, har mai karatu ya kasa gane wurin. Amma fa kalmar tasa ce, ba ta mawallafi ba. Manazarci mai amana yakan sa alama a wurin. Akwatin talabijin ba ya sa kowace alama. Mun gaji cewa gani ya kori ji, ga shi yau ganin kansa yana bukatar shaida.

Mu kwatanta da fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya cikin 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Da yake a kan zaren fim irin na majigi aka ɗauke shi, kuma an sami asalinsa a ajiye, sai aka sabunta shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin da ke Jamus cikin 2018. A nan ba ƙage aka yi ba, tono abin da ke cikin zaren aka yi.

Saboda haka ina da shawara biyu. Ga mai saye: ka tafi shago da tsohon faifanka, ka ce a gwada maka shi, kada ka dogara da hoton talla da suke nunawa. A gida kuma ka haɗa na'urorinka da wayar HDMI maimakon mai kan rawaya in da hali, ka rage ƙarfin kaifin hoto, ka ɗan ja baya daga gilashin. Ga hukumomi da jami'o'i: a nemi asalin kaset na finafinanmu da shirye-shiryen gidajen talabijin, a juye su yadda suke, ba gyara ba ƙari, tun kafin zafi da ƙura su gama da su. Na'urar faɗaɗawa za ta ƙara gwaninta gobe, amma kaset ɗin da ya ruɓe ba mai tashinsa.